Takardar Baba Direba

Akwai wani ɗan takarar shugaban ƙasa da kowa ke kira Jan Biro. Tsohon malamin makaranta ne. Ya riƙe kujerar minista shekara shida, ya sauka ya koma tsohon gidansa mai yoyo ta ɗakin baƙi. Ko maƙiyansa ba su taɓa cewa ya ci kwabon kowa ba.

Cutarsa ɗaya ce: ba ya iya ganin kuskure ya kau da kai. Ka ce masa mutum dubu sun zo taro, zai ce ɗari tara da hamsin ne. Ko katin gayyata ka miƙa masa, sai ya nuna maka inda aka manta waƙafi.

Ƙaninsa, Lauya, shi ke jan ragamar yaƙin neman zaɓen. Ya san su kaɗai ba za su iya kayar da shugaba mai ci ba, wanda a zamaninsa asibiti ya koma wurin da ake zuwa da kyandir da safar hannu daga gida. Dole sai sun haɗa kai da Baba Direba.

Baba Direba tsohon direban tirela ne, shi ma yana takara a wata ƙaramar jam'iyya. Karatunsa aji uku ne, amma in ya ɗaga hannu, duk tashar mota a ƙasar sai ta tsaya cak.

Wata bakwai Lauya yana zarya zuwa ofishinsa da ke bayan tasha. Ya zauna a kan benci, ya shaƙi hayaƙin dizal, ya saurari labarin hanya iri ɗaya sau ashirin, yana dariya kowane lokaci. Rannan tsohon ya miƙo masa ambulan.

"Ɗana, na yarda zan janye wa yayanka. Ga jawabin da zan karanta. Kwana uku ina rubutawa, na hana sakatare ya taɓa. Ban taɓa rubuta wa kowa abu da hannuna ba. Kai masa ya gani."

Lauya ya kusa kuka don murna. Ya ajiye wa yayansa takardar a tebur, ya fita neman zauren da za a yi sanarwa. Da ya dawo ya tarar an manne ambulan ɗin.

"Na duba. Mayar masa," in ji Jan Biro.

Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci. Lauya bai buɗe ba, haka ya kai wa tsohon.

Baba Direba ya tara shugabannin tashoshi su goma sha biyu don su ji amsar. Yana murmushi ya ce wa sakatare ya buɗe.

Takardar ta yi ja daga sama har ƙasa. An zagaye kalma goma sha tara, an soke layi biyu. A ƙasa an rubuta: "A gyara, a sake kawowa."

Wani ya fara dariya, ya mayar da ita tari.

Tsohon ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya duba gaba, ya juya baya, ya sake juyowa.

"Baba, don Allah, halinsa ne, ba raini ba ne," in ji Lauya.

"Ba gyaran nake dubawa ba, ɗana. Na san ban iya rubutu ba. 'Na gode' nake nema. Na ɗauka ko a baya ya sa."

Lauya ya koma gida a fusace.

"Yaya, mutum ya ba ka ƙuri'a miliyan uku, ka ba shi maki?"

"Taimakonsa na yi. So kake ya tsaya gaban 'yan jarida ya ji kunya?"

"To tashi mu je ka ba shi haƙuri."

"A kan me? Nuna mini gyara ɗaya da ba daidai ba, in tafi yanzu."

Babu ko ɗaya. Bai je ba.

Lauya ya koma wurin Baba Direba shi kaɗai, ya durƙusa a kan siminti da kwat ɗinsa. Tsohon ya kama hannunsa ya ɗaga shi.

"Na san wanda ke kan kujera ɓarawo ne. Na san yayanka ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma mutanena duk irina ne. In na kai su wurinsa, haka zai riƙa kallonsu har ya sauka."

Baba Direba bai koma wa mai ci ba, bai kuma janye ba. Ƙuri'un 'yan adawa suka rabu gida biyu. Mai ci ya zarce da ratar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'un Baba Direba ba.

Ba a yi wata huɗu ba matar Lauya ta fara naƙuda. A ƙofar ɗakin haihuwa nas ta tare shi, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, ka zo da kyandir? Yau ma babu wuta."

Darasi: Gaskiya da tsabtar hannu ba sa tara jama'a su kaɗai. Idan mutum ya miƙo maka abin da ya fi ƙarfinsa, fara da godiya, gyara ya jira. Shugaban da ya kasa wannan, talakawa ne ke shan wahalar halinsa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana neman jagorancin mutane.