Sha Talatin a Leda Guda

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a Yendi, bayan yunwar tamanin da uku. Ba zan kama sunansa ba, yana da jikoki. Haifaffen zangon Salaga ne, mai injin niƙa. Yakan soya masara da wake da gyaɗa, ya niƙa, ya ɗura a leda, ya sayar a matsayin garin kokon yaye. Garin mai kyau ne, kada mu ɗora masa abin da bai yi ba. Zunubinsa yana kan takardar da ya manna.

Da Turanci aka buga ta: cokali biyu shi ne sha guda na yaro, leda guda sha talatin. Wa ya auna? Bai tambayi nas ba, bai tambayi uwa ba. So yake a ce ledarsa ta fi ta kowa auki, sai ya fara zaɓar talatin, sannan ya raba garin. Abin da ya faɗo cokali biyu ne, shi ya rubuta. Kaya suka kama hanyar Salaga da Bawku, shi kuma ya kama hanyar Makka.

A unguwarsu akwai Mma Damata, shekara arba'in tana dama koko a ƙofar masallaci. Ba ta san boko ba, ludayi ta sani. Jikanta Mumuni yana wata goma, uwarsa Asiatu kuwa ta yi makaranta, ba ta ƙetare takarda.

"Asiatu, wannan koko ne ko ruwan wankin tukunya?"

"Mma, haka aka rubuta. Masu ilimi suka auna."

"Masu ilimin sun leƙa cikin Mumuni?"

Zaren duwatsun da ke ƙugun yaron ya soma zamewa har gwiwa. Asiatu ta ce haƙori ne, tunda cikakken awo take ba shi. Damata takan faki idonta ta ɗura masa mai kauri. To amma ranar Asabar Asiatu za ta bi mijinta Bawku, da leda goma a akwati. A can wa zai faki idonta?

Ana nan sai aka yi wa Alhajin haihuwa, suna ya faɗo ranar Juma'a. Ya aika aka kira Damata, ya ce da garinsa za a dama wa malamai koko, kowa ya ɗanɗana. Ta ce mutum nawa? Ya ce casa'in, ta ɗebi yadda take so. Ta ɗauki leda uku.

Da hantsi aka raɗa suna, aka shafa fatiha. Damata ta sa aka jera kofi casa'in, cokali bibbiyu, ba ragi ba ƙari. Liman ya leƙa nasa, ya hango gindin kofin. Wani tsoho ya ce, "Alhaji, wannan na kurkure baki ne, kokon yana tafe?" Aka kwashe da dariya.

Alhaji ya taso yana huci. "Mma Damata, so kike ki tozarta ni? Wallahi wannan ko jinjiri ba zai ishe shi ba!"

Ta ce, "Malamai, kun ji rantsuwarsa. Asiatu, zo ki karanta musu takardarsa, ki fassara."

Asiatu ta fito da Mumuni a goye. Ta soma karantawa. Da ta zo kan cokali biyu sai ta tsaya. Ta kwance goyon, ta ɗaga yaron, zaren ya sulale ya faɗi a tabarma. Ba wanda ya sake dariya.

Direbobin da suka kai kayan, su suka kai labarin. Kafin wata ya cika, Salaga ta dawo da nata, Bawku ta dawo da nata. Buhunan suka zauna har ƙwari suka cinye su, aka kwance injin aka sayar. Ya koma Salaga gidan ƙanensa, sunan Cokali Biyu ya riga shi isa.

Asiatu kuwa, washegarin suna ta hau motar Bawku da ludayin surukarta a cikin akwati. Bayan wata uku ta aiko da zaren. Ta ce ya matse, sai da aka yanke.

Ya 'yan uwa, an koya mana cewa mai tauye awo shi ne mai danna sikeli da yatsa. Wannan bai taɓa sikeli ba, garinsa cif yake a leda. Da alƙalami ya tauye, kuma uwa ya sa ta tauye wa ɗanta da hannunta, tana ganin daidai take yi. Akwai cutar da ta fi wannan?

Ban ce ku daina karanta takarda ba. Ku karanta, sannan ku tambaya: wa ya auna, cikin wa ya auna, me zai samu? In takarda ta ce ya isa, yaro ya ce bai isa ba, ku saurari yaron, ku kai shi a auna.

Allah ya kiyaye mu da awon zalunci, na hannu da na rubutu. Allah ya raya mana 'ya'yanmu. Amin.