Hoton Cigiyar Baba Tambaya

A shekarun da kwamfuta ta fara shigowa Gusau, an yi wani saurayi mai suna Mahadi da ya buɗe shagon tsara takardu. Gwani ne, ba a ja. Aibinsa ɗaya: ba ya waiwayar aikin da ya gama. In ka ce ya sake dubawa, sai ya kalle ka kamar ka zagi kakansa.

Wata safiya cikin damina wani manomi daga Tsafe, Hamidu, ya shigo shagon idanunsa jajur. Ya kawo mahaifinsa, Baba Tambaya, Gusau neman magani, suka sauka gidan 'yan'uwa a Damba. Tsohon ya rikice, ko sunan garinsu ba ya iya faɗa, ga shi ya fita ba a san inda ya nufa ba. Hamidu ya miƙa hotonsa: dogon dattijo siriri, mai doguwar fuska.

"Malam, takardar cigiya nika so," in ji Hamidu. "In an buga, ka taimaka ka ba direbobi tasha su liƙa Tsafe da Bungudu. Ni zan bi asibitoci."

Mahadi ya tausaya masa. Ya shigar da hoton cikin kwamfuta, ya tsara takarda tsaf, ya mayar masa da hotonsa. Sai dai injin bugawarsa ya lalace, don haka ya kwafi aikin a faifai ya kai shagon abokinsa Haruna. To, manhajar Mahadi sabuwar fita ce, ta Haruna tsohuwa. In tsohuwa ta buɗe aikin sabuwa, rubutu yakan zauna daidai, amma hoto yakan miƙe ko ya baje. Mahadi ya san haka sarai.

"Sauko ka duba kafin in buga," in ji Haruna. "Ni ban san mutumin ba."

"Aikina ne hwa. Buga kawai, ka naɗe."

Mahadi ko daga kan babur ɗinsa bai sauka ba, hira ma yake da wani a bakin titi. Aka miƙo masa takardun a naɗe, ya kai tasha a naɗe, ya koma shago yana jin ya yi aikin lada.

Hamidu ya gama asibitoci da masallatai da kasuwanni, babu labari. Da mako ya zagayo ya nufi Bungudu. A tasha, jikin rumfar wani mai shayi da ake kira Umaru, ya ga takardar a liƙe. Sunan mahaifinsa ne, amma hoton ya baje gefe da gefe: wani ƙaton mutum ne mai zagayayyiyar fuska, kumatu kamar an hura. Hamidu ya ciro hoton ainihi daga aljihu ya nuna wa Umaru.

Umaru ya ajiye butar da ke hannunsa, ya yi salati.

"Wanga tsoho nan yaz zauna, bisa bencin ga. Mu munka riƙa ba shi shayi. Wallahi har takardar munka duba, munka ce ba shi ba ne, wancan mai jiki ne. Ruwa ya buge shi, sanyi ya kama mai ƙirji. Shekaranjiya munka yi mai sutura."

Kashegari Hamidu ya shigo shagon Mahadi. Bai ɗaga murya ba. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya ɗora hoton a gefenta.

"Kwana ya ƙare, wanga na yarda," ya ce. "Amma da na samu in riƙe hannunai. Malam, wanga na cikin takarda, uban wa ne?"

Mahadi ya duba. Ranar ce ya fara ganin takardar da idonsa. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, yana ta kallon takardar har Hamidu ya fita.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, aiki bai ƙare ba don ya bar hannunka. Sai ka ga yadda ya isa inda za shi. Na'ura ba ta san fuskar uban kowa ba, kai da aka damƙa wa amana ne ka sani. Duk gwanintarka, sauko ka duba, domin dubawar da ka raina wataƙila ita kaɗai wani bawan Allah yake jira.