Mutumin da Ya Ƙi Goge Shatin Yatsan Yayansa

Ku gyara zama ku kasa kunne. Akwai wani mutum a wani gari mai zafin bazara, yana da kwamfuta a ɗakinsa. Ba a haɗe ya saye ta ba. Shi da yayansa Kefas ne suka harhaɗa ta da hannunsu, yau a sayo wannan, wani watan a sayo wancan, har kaya suka cika. Ranar haɗawa suka shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki, Kefas ya sauko da tabarau kan karan hanci, yana ta waƙa ƙasa-ƙasa, gama shi ne shugaban mawaƙan ikilisiya, bakinsa kuwa ba ya zama shiru. Ƙanen yana miƙa masa sukurdireba. Tabita matar Kefas ta kawo musu kunu, ta tsaya tana dariya, wai ga manya biyu sun zama kaji, suna tsintar ƙusoshi a tabarma.

A tsakiyar kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai kwalin ashana ba. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Shi yake yin dukan tunani, in yana aiki kuwa yakan yi zafi ƙwarai. Domin haka ake ɗora masa wani ƙarfe mai fanka, ya riƙa janye zafin. Tsakanin su biyu akan shafa wani mai mai kauri, launin toka, domin su manne sosai kada iska ta raba su. Kefas bai nemi komai na shafawa ba. Da babban yatsansa ya shafa man, ya goge hannun a rigarsa, Tabita ta yi ta faɗa.

Shekaru suka wuce. Kefas ya kwanta ciwo, Ubangiji ya kira shi gida. Ƙanen ya ji mutuwar nan har cikin ƙashinsa, gama yayan nan ne ya riƙe shi tun suna marayu. Kwamfutar ta ci gaba da zama a kusurwar ɗaki, ta tsufa tare da mai ita.

Wata rana Tabita ta zo da wani tsohon kaset na bidiyo a ƙunshe cikin ɗankwali. Ta ce, "Baban Ladi, 'yata ta matsa sai na koma wurinta, tafiyar kuwa da nisa. Wannan kaset na Kirsimetin da yayanka ya bi da mawaƙa ne. Shi kaɗai ne wurin da muryarsa ta rage. Ka juye mini shi a waya kafin in tafi."

Ya ce, "Maman Tani, wannan ai ƙaramin aiki ne. Ki ɗauka an gama."

Amma zaren kaset ɗin ya tsufa, ya yi laushi. Duk lokacin da aka kunna shi yana ƙara cinyewa, kuma dole ne ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe kwamfuta tana ɗauka. Mutumin ya haɗa na'urar kaset da kwamfuta, ya kunna. Mawaƙa suka fito cikin anko, ana ta shirin farawa. Kafin Kefas ya ɗaga hannu, tsohuwar fankar ta yi ta gurnani, kwamfuta ta ɗauke ɗif. Ya taɓa akwatin kwamfutar, ya ji shi kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Ya gane ciwon. Ya tafi kasuwa ya sayo sabon abin sanyayawa, ƙato, mai bututun jan ƙarfe da fanka mai faɗin tafin hannu. Ya dawo yana murna, ya shimfiɗa tabarma kamar dā, ya buɗe akwatin, ya kwance tsohuwar fankar. Gindinta zagayayye ne, bai taɓa rufe kusurwoyin ƙwaƙwalwar ba. A ɗaya daga cikin kusurwoyin nan, cikin man da ya bushe ya zama kamar yumɓu, sai ga shatin babban yatsan Kefas, layi-layi, kamar jiya aka ɗora shi.

Mutumin ya ajiye sukurdireba. Ya daɗe zaune yana kallo, hawaye suna zuba. Ya tuna tabarmar nan, ya tuna kunun, ya tuna waƙar da ake yi ƙasa-ƙasa. Ya sani sarai cewa ƙa'idar aikin ita ce a goge tsohon mai tas kafin a sa sabo. Ba jahilci ne ya hana shi ba. Ya ce a ransa, "Da tsohuwar zuma ake magani." Ai kuwa da zuma ce da mun yarda. Ya ɗiga sabon mai a kan tsohon, ya ɗora sabon ƙarfen, wanda gindinsa mai kusurwa huɗu ne, ya rufe ko'ina. Ya ɗaure ƙusoshi uku tam. Ta huɗun, wadda take wajen yatsan, ya bar ta sako-sako, domin kada ƙarfe ya danne shatin ya murƙushe shi.

Ya rufe, ya kunna. Sabuwar fanka tana juyawa lafiya lau, ba ƙara, abin sha'awa. Ya mai da kaset farko. Wannan karon Kefas ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, sai kwamfuta ta sake ɗaukewa. Zaren kaset ya yi wata 'yar ƙara mai tayar da hankali, hoton wajen farko ya soma yin tsiri-tsiri.

Nan fa laifi ya sami masu ɗauka. Mai shago ya sayar masa da jabu. Wutar garin ba ta da ƙarfi. Bazarar bana ta fi ta kowace shekara. Ya buɗe taga, ya jawo fankar ɗaki ya kafa ta a bakin akwatin, ya sake gwadawa, abin bai canja ba. Kowa ya sha zargi, ban da ƙusar nan guda da ya bari da hannunsa. Tsoro kuwa ya kama shi, gama ya ga in ya sake kunna kaset ɗin a banza, zaren zai iya tsinkewa, muryar yayansa ta tafi ke nan.

Ana gab da tafiyarta, Tabita ta zo da rana tsaka. Ta same shi zaune a tabarma ya yi tagumi.

Ta ce, "Maigida ƙarami, ina ƙaramin aikin namu?"

Ya jawo akwatin ya buɗe. Ya kwance sabon ƙarfen, ya ɗaga shi a hankali, ya ce, "Zo ki gani."

Ta durƙusa da ƙyar, ta matso da fuska. Ba sai an gaya mata ba, ta san yatsan. Ta daɗe tana kallo, ta share ido da bakin zane. Ya gaya mata abin da ya yi da ƙusar, bai ɓoye komai ba.

Sai ta yi dariya da hawaye a fuskarta, ta ce, "Haba, Baban Ladi! Wannan ai ba Kefas ba ne, dauɗar hannunsa ce. Ni da na yi shekaru ina wanke irinta daga rigunansa? Da yana nan da tuni ya ƙwace audugar ya goge da kansa, yana yi maka tsiya. Ni dai muryar mijina na zo karɓa. Ka goge."

Ya ɗauko auduga da sifirit. Ya fara daga tsakiya, ya bar kusurwar har ƙarshe, sa'an nan ya rufe ido ya goge. Ƙarfen ya fito fes yana ƙyalli. Ya ɗiga sabon mai kamar ƙwayar wake, ya ɗora abin sanyayawa, ya ɗaure ƙusoshin kaɗan-kaɗan, wannan da ta tsallakenta, har dukansu suka kama daidai. Suka yi addu'a gajeriya, ya kunna kaset.

Mawaƙa suka fito. Kefas ya ɗaga hannu, ya buɗe baki, murya ta cika ɗakin. Kwamfuta ba ta ɗauke ba. Suka zauna su biyu a tabarma, tsofaffi, suna amsa masa waƙar har kaset ya kai ƙarshe. Tabita ta tafi da muryar mijinta a waya.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Ɗan ƙarfen da yake zafi, zuciyar mutum ce. Tana aiki dare da rana, tana ɗaukar zafin baƙin ciki da damuwa da kewa, ba kuwa za ta iya sanyaya kanta ba. Sabon abin sanyayawa shi ne ta'aziyyar da Ubangiji yake kawo mana yau. Ba ta da aibi, ba ta gaza ba. Amma sai ta zauna a kan zuciya gaba ɗaya, ba abin da ya shiga tsakani, kafin ta yi aikinta.

Ku lura da kyau, abin da ya shiga tsakani a misalin nan ba mugun abu ba ne. Man nan ya yi aikinsa shekara da shekaru, hannun ƙauna ne kuma ya shafa shi. Lokacinsa ne ya wuce, ya bushe. Mu tsofaffi mun fi kowa sanin wannan. Ni ma ina kewar tsohuwar majami'armu mai kujerun ƙasa, da fitilar da ake hurawa da famfo, da muryoyin iyayenmu mata waɗanda yanzu suke kwance a bayan gari. Kewa ba zunubi ba ce. Amma akwai wanda tun da aka canja fasto bai ƙara jin wa'azi ba, yana zaune a benci yana auna sabon da tsohon. Akwai wadda tun da ta binne nata ta kulle ɗaki guda a zuciyarta, ta ce ko Ubangiji kada ya shiga nan. Muna zuwa sujada, muna waƙa, muna ba da baiko, ƙusoshi uku a ɗaure tam. Ta huɗun mun bar ta sako-sako da gangan. Sa'an nan mu yi ta mamaki yadda zuciya take ƙuna, mu ɗora laifi a kan matasa da mawaƙa da zamani. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, mutumin nan saura kaɗan ya rasa muryar yayansa saboda gadin shatin yatsansa. Haka muke yi. Waɗanda suka riga mu sun bar mana bangaskiya da waƙa da ƙaunar juna, mu kuwa muna rungume da busasshen abin da ya manne a hannunsu, ainihin gādon yana cinyewa a gefe.

Kowa a nan ya san kusurwarsa, ba sai na nuna masa ba. Ka je gida, ka yi kukanka, ba wanda ya hana ka. In ka gama, ka gode wa Allah domin hannun da ya bar shatin, ka ɗauki auduga ka goge.