Tasalla Mai Alewa da Bakin Karenta

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun ba ki kunne.

To. A wani gari can bakin daji akwai wata tsohuwa ana ce mata Tasalla. Sana'arta alewa da nakiya. Mijinta maharbi ne, ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya da wani baƙin kare mai farin wuya. Sunan karen Ƙyalesu. Ita ta raɗa masa shi, don maƙwabta sun ishe ta da cewa mai sayar da abinci ba ta zama da kare.

Sa'ad da maigidan ke da rai, abincin Ƙyalesu dusa ce da ƙanzo. Ranar da farauta ta yi kyau a jefa masa ƙashi, ya wuni yana gwagwiya. Da maigida ya rasu sai tausayi ya kama Tasalla. Ta ce, "Maraya ba ya cin dusa a gidana." Sai ta koma kankare masa gindin tukunyar alewa, safe da yamma. Nakiyar da ta farfashe tasa ce. In ya tsinto ƙashi a bola sai ta ƙwace ta jefar, ta ce wannan abincin marar gata ne. Ni dai ban ga laifin zuciyarta ba, amma kun san so ma yana da tasa wautar.

Kullum da hantsi takan ɗauki farantinta ta bi hanyar daji zuwa kasuwar ƙauyen gaba. Ƙyalesu na gabanta, wutsiya a sama, ko dila bai isa ya gitta musu ba.

Ana nan ana nan, sai Ƙyalesu ya sauya. Ya daina shiga gaba. Sai ya maƙale a bayanta, wutsiya a cusa tsakanin ƙafafu. Ganye ya faɗo sai ya zabura. Kurciya ta tashi sai jikinsa ya ɗauki rawa. Miyau na dalala daga bakinsa, kansa a karkace gefe guda. Tasalla takan tsaya ta yi masa waƙa:

"Ƙyalesu taho, Ƙyalesu taho,
Hanya tamu ce, ba ta kura ba."

Shi kuma ya amsa da ƙyar:

"Iya wuce, ina bayanki,
Ƙafa ce ta yi mini nauyi."

Ƙarya yake yi. Ƙafarsa ƙalau. Haƙori ne ya ruɓe masa can ƙurya, ciwon na sukansa har cikin kunne. Da ya shaƙi warin kura a hanya sai ya tuna ko tsumma ba zai iya ciza ba, balle ya kare tsohuwarsa. Abin da ke ba shi tsoro ke nan. Amma ya ƙi faɗa. Yana ganin in ta ji ba shi da haƙori, me za ta yi da shi? Kuma ta wane baki zai ce mata alewarta ce ta jawo?

To, a gindin tsamiyar bayan gidan akwai wani kurege. Ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan gyaɗa da riɗin da Tasalla ke shanyawa, kare ya hana shi sakat. Ran nan sai ya ga sun tsaya a bakin rijiya. Tasalla ta zuba wa Ƙyalesu ruwa mai sanyi a kasko. Ya sa baki, sanyin ya taɓa haƙorin, sai ya yi ƙara ya ja da baya. Ana cikin haka igiyar gugan wata mata ta bugi kumatunsa. Bai san sa'ad da ya kai cafka ba, ya yaga mata gefen zane.

Kurege ya ce, "Alhamdu lillahi, gyaɗa ta nuna."

Sai ya ruga wurin masu daka, ya ce, "Kun ji karen Tasalla na gudun ruwa?" Ya ruga wurin mahauta, ya ce, "Kun ga miyaun da yake zubarwa?" Ya ruga ƙofar mai unguwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, yau zane ya ciza, gobe ƙafar jikanka ce." Kafin azahar duk gari ya ɗauka karen Tasalla ya haukace. Iyaye suka janye 'ya'yansu cikin gida.

Mai unguwa ya aika aka kira ta. Ya ce, "Iya Tasalla, ba na son ɓacin ranki, amma kin san hukuncin mahaukacin kare. Na ba ki kwana uku. Rana ta huɗu da safe ki kawo shi nan. In ya sha ruwa a gaban jama'a, ki koma da abinki. In ya ƙi, maharba za su shiga daji da shi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, shi kaɗai ya rage mini."

Ya ce, "Na sani. Ni kuma gari ne a wuyana."

Ta dawo gida. Ta durƙusa gaban karen ta ce, "Ƙyalesu, don girman Allah, me ke damunka?"

Ya kau da kai ya ce, "Lafiya lau, Iya."

Ranar farko ta ja shi wurin boka. Boka ya hango su tun daga nesa, ya haye kan turmi. Ya ce, "Tsaya nan, Iya, daga nan ma ina gani! Iska ce ya taka a hanyar daji." Ya miƙo mata turare a bakin sanda. Ta je ta turara shi har ita kanta ta yi ta tari. Ta kawo ruwa, ya sa baki, ya yi ƙara ya gudu bayan rumbu. Tasalla ta kasa cin abinci ran nan.

Rana ta biyu ta ja shi wurin wanzami, tunda shi ke cire wa mutane haƙori da beli, ta ce ko zai gane wani abu. Wanzam ya rungume zabirarsa ya ce, "Haba Iya! In taɓa bakin kare, sannan in zo in kama kan mutane? Wa zai ƙara zama a gabana? Ko da lafiyarsa ba na taɓawa, balle yanzu. Ki yi haƙuri, ki sallama shi." Ta dawo ta sake gwada shi da ruwa. Ko kallon kaskon bai yi ba. Kurege kuwa na kan katanga yana lissafin inda zai fara ci.

Rana ta uku ba ta san inda za ta ba. Sai ta kama hanyar daji kawai, tana tafe tana hawaye, tana waƙar da muryar da ta dushe:

"Ƙyalesu taho, Ƙyalesu taho,
Hanya tamu ce, ba ta kura ba."

Shi kuwa yana jan ƙafa a bayanta. Suka iso wata inuwa, sai ga tsohon jakin mai itace a ɗaure, yana kaɗa ƙuda. Jaki ya ce, "Sannu Iya. Wa ya mutu?"

Ta ce, "Gobe dai za a mutu." Ta kwashe labari ta gaya masa.

Jaki ya ce, "Me boka ya gani a bakinsa?"

Ta ce, "Bai duba ba."

"Wanzam fa?"

"Bai duba ba."

"Ke fa?"

Ta ce, "Ni ma ban duba ba."

Jaki ya ce, "Ikon Allah. Ni da ba na cizon kowa, sau huɗu ana sayar da ni, kuma duk wanda ya zo saye sai ya wage mini baki ya ƙirga haƙorana kamar ya ba ni ajiya. Shi da haƙori ne sana'arsa, ba wanda ya taɓa leƙawa. Iya, ni ba malami ba ne. Amma dabbar da ta karkata kai, tana tauna da gefe guda, tana gudun ruwan sanyi, ni na san inda zan fara nema."

Tasalla ta juya ta dubi karen. Ta ce, "Buɗe bakinka."

Ƙyalesu ya datse baki, ya ja da baya yana gurnani. Ba ta taɓa jin ya yi mata gurnani ba. Gabanta ya faɗi. In jaki ya yi kuskure fa? In da gaske hauka ce, cizo ɗaya ya ishe ta. In kuma ba hauka ba ce, wa zai ƙara sayen alewa daga hannun da ya shiga bakin kare? Haka ta koma gida tana saƙawa tana kwancewa, ba ta taɓa shi ba.

Rana ta huɗu da safe ƙofar mai unguwa ta cika. Maharba uku na tsaye da kwari da baka. Mata na leƙe ta kan zana. Aka ajiye kaskon ruwa a tsakiyar fili. Ƙyalesu ya dube shi, jikinsa na kyarma, ya koma bayan Tasalla ya ɓuya.

Jama'a suka ce, "Kun gani!"

Mai unguwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Ku tafi da shi."

Babban maharbi ya matso da igiya. Sai Tasalla ta ce, "Dakata, ɗan nan." Ta zauna daɓas a ƙasa, ta jawo kan karen ta ɗora a cinyarta.

Wata ta yi ihu, "Iya, zai cije ki!"

Wanzam ya ce, "Iya, tuna da sana'arki!"

Ba ta dube su ba. Ta ce a hankali, "Ƙyalesu, in za ka cije ni, ga hannun. Amma ba za a kai ka daji ban san abin da ya kashe ka ba."

Karen ya yi gurnani. Ta sa yatsa a leɓensa. Gurnanin ya ƙaru, har maharbi ya ɗana kibiya. Ta ɗaga leɓen, ta tura yatsu biyu ciki. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashin karen. Sai ga shi ya saki muƙamuƙi, hawaye na bin fuskarsa.

Wari ya bugo ta. Dasashi ya kumbura ya yi jawur, haƙora duk sun yi baƙi-baƙi, na ƙurya kuwa ya ruɓe yana girgiɗi. Ta naɗe yatsunta da bakin zane, ta yi bisimilla, ta kama shi ta fizge. Ƙyalesu ya kurma ihu. Jini da mugunya suka zubo mata a cinya. Ta ɗaga haƙorin sama ta ce, "Ga haukar, ku gan ta."

Ta roƙi a ɗumama ruwa a sa ɗan gishiri, ta wanke masa baki. Ta ce a kawo wani mai ɗumi a kasko. Ƙyalesu ya sa harshe sau ɗaya ya tsaya. Kowa ya riƙe numfashi. Sai ya sake sawa, ya yi ta sha har ya lashe gindin kaskon.

Mai unguwa ya ce, "Maharba, ku koma gida." Kurege da ke kan reshe ya sulale, ya bar garin ko sallama babu.

Tasalla ta wanke hannu sau bakwai, na farko da ƙasa, a gaban kowa. Duk da haka wata mata ta ce, "Ni kam, Iya, na gama cin alewarki." Kuma ba ita kaɗai ba. Da yawa ba su ƙara tsayawa gaban farantinta ba har ta bar duniya. Wannan gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba.

Da suka isa gida ta ce, "Me ya sa ka ƙi gaya mini?"

Ya ce, "Iya, da hannunki kike ba ni, kina murmushi. Ta ina zan fara?"

Nan ta gane alewarta ce ta ruɓar masa da haƙori. Ta rufe fuska da zane ta yi kuka mai isarta.

Ta koma dama masa dusa da romo har ramin haƙorin ya warke. Daga nan ƙanzo, daga nan ɗanyen ƙashi daga wurin mahauta. Ta yanka masa aswakinsa na darbejiya, tana goge masa haƙora duk safiya, yana yamutsa fuska. Tafiya ma ba ta matsa masa ba. Yau su kai rijiya su dawo, jibi tsamiya, in ya tsorata ta tsaya har ya huce. Sai da aka yi wata biyu kafin ya ƙara shiga gabanta a hanyar kasuwa.

Amma fa ranar da ta fara ɗora tukunyar alewa, ƙamshi ya tashi, sai ga shi ya zo ya zauna gabanta yana kaɗa wutsiya. Ya ce, "Iya, ko ɗan lasa?"

Hannunta ya kai kan ludayi. Ta dube shi, ya dube ta. Sai ta ajiye ludayin, ta rufe tukunya, ta juya masa baya don kada ya ga idonta. Ta ce, "A'a." Ta gaya wa mutane daga baya cewa sa hannu a bakinsa bai yi mata wuya kamar wannan ba.

To kun ji. Abin da ke hannunka yana kiwo, kada ka yi masa magani daga nesa, matsa ka duba. Kuma wanda kake so, ba duk abin da ya roƙa ake ba shi ba.

Ƙurunƙus, kan kuregen da ya rasa gyaɗa ya rasa gari.