Mutumin da Ya Raina Wake

A wani ƙauye akwai wani mutum da ya gaji gona mai albarka daga mahaifinsa. Tsohon kuwa in ya shuka masara bana, baɗi wake ko gyaɗa yake sawa a wurin, kuma gonar ba ta taɓa barinsa da yunwa ba. Amma da ta zo hannun ɗan, sai ya ce, "Wake noman mata ne. Masara ce ke cika rumbu." Haka ya dinga ɗora masara a kan masara, damina bayan damina.

Ƙasa ba ta da baki, amma tana gajiya. Ganye ya yi rawaya, goyo ya ƙanƙance, wuta-wuta, ciyawar nan da ke tsotse masara tun daga saiwa, ta mamaye gonar. Mutumin ya husata ƙwarai. Ya zagi ƙasa, ya zagi damina, ya zagi mai sayar da taki. Dama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yana da matar marigayi ƙaninsa, gwauruwa mai 'ya'ya ƙanana, wadda ta daɗe tana roƙonsa wurin noma. Sai ya kira ta ya ce, "Ga gonar can, je ki noma. Kada ki ƙara cewa ban taimake ki ba." Ba tausayi ba ne, ya tabbata gonar ta mutu ne.

Gwauruwar ba ta da taki, ba ta da irin masara, sai wake da gyaɗa. Su ta yi ta shukawa, tana ci da marayunta. Bayan 'yan shekaru ta sami masara ta shuka. Masara ta tashi koriya shar, ta yi goyo bibbiyu.

Da mutumin ya gani, zuciyarsa ta tafasa. Gonarsa! Gonar ubansa! Ya daka mata tsawa, "Aro na ba ki, ba kyauta ba. Fita!"

Ta ce, "Yaya, ko girbin nan ka bar ni in yi."

Ya ƙi. Ya kwashe gumin gwauruwa ya zuba a rumbunsa, wani maƙwabci ne ya yanka mata 'yar gona a bayan gari. Mutumin kuwa ya koma halinsa, masara a kan masara. Ba a daɗe ba wuta-wuta ta dawo fiye da dā, rumbu ya zama wayam, 'ya'yansa suka fara kukan yunwa.

Ya tafi gidan gwauruwar yana huci. "Ke! Me kika binne mini a gona?"

Ta ce, "Yaya, ban bar komai a gonarka ba sai saiwar wake."

Ya buɗe baki zai zage ta, sai ya hango 'ya'yansa a tsakar gidanta, sun durƙusa tare da marayun da ya kora, suna cin dafaffen wake a kwano ɗaya.

Ma'anar misalin nan kuwa ita ce: masara ɗiba take yi daga ƙasa, wake kuma mayarwa yake yi. Gonar ita ce gidanka da ikkilisiyarka. Ina faɗa muku da ɓacin rai, 'yan'uwa, a cikinmu akwai waɗanda ba su san komai ba sai karɓa. A yi musu addu'a, a ziyarce su, a yafe musu. Su kuwa ba su taɓa share hawayen kowa ba. Kai da ka tsotse matarka har ta daina dariya, sa'an nan kake cewa an yi maka asiri, babu wanda ya binne maka komai. Kai ne ka cinye gonar. Tuba, ka mayar da abin da ka ɗiba, tun 'ya'yanka ba su je neman ƙauna a gidan wadda ka zalunta ba.