Katangar Ferney da Sanarwar Rasuwa

Akwai wata mata, Doña Herminia, da ke riƙe da ƙaramin gidan rediyon garinmu, can cikin duwatsun yankin Huila. Kullum da azahar takan karanta saƙonnin jama'a: wance ta haihu, wane ya sauko gida ana nemansa. A gonakin kofi waya ba ta kamawa, don haka kowane mai tsinkar kofi da 'yar rediyonsa rataye a ƙugu.

Kwamfuta ɗaya ce ke tura muryarta zuwa na'urar yaɗa shirye-shirye da ke kan dutse. Wani saurayi mai suna Ferney shi ke kula da ita. Gwani ne, wannan ba gardama, amma kan nan nasa ya fi ƙofar coci girma. Shi ya saka wa kwamfutar manhajar katangar tsaro, wadda ke hana ɓarayin intanet shiga, kuma ba abin da zai fita sai da izininta.

Doña Herminia ta roƙe shi ya rubuta mata yadda ya saita ta: me ya buɗe, me ya rufe, me za a danna idan ta yi gardama. Ta roƙe shi da lallami, ta roƙe shi da faɗa, har tamal, wani alalen masara da ake naɗewa a ganye, ta dafa masa. Ya cinye tamal, ya suɗe hannu.

"Doña, ke da ko linzamin kwamfuta sai kin riƙe da hannu biyu? In na rubuta, wa zai karanta? In ta tsaya, a kira ni."

"In ba ka nan fa, ɗan nan?"

"Ina za ni?"

Abin ya ƙona mata rai. Ta san ba ganewarta ce damuwarsa ba. So yake a riƙa bin sa har gida ana cewa injiniya a taimaka.

Lokacin tsinkar kofi ya zo, Ferney ya hau gonar kawunsa bai ko yi sallama ba. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta zabtare ta toshe hanya, ko babur ba ya wucewa.

A makon ne manhajar yaɗa shirye-shirye ta sabunta kanta. Katanga ta gan ta da sabuwar kama, ta ɗauka baƙuwa ce, ta rufe mata ƙofa. Rediyo ya yi tsit. Doña Herminia ta danna nan, ta danna can, ta kashe ta kunna, ta zagi kwamfutar, ta zagi mai kula da ita. Malamin makaranta ya zo ya gwada, ya ce ana neman kalmar sirri. Aka kira wani mai gyara daga garin da ke kusa, ya ce in ya goge komai, bayanan haɗi da na'urar kan dutse za su tafi, su kuwa a kan Ferney kaɗai suke.

Washegari Don Aristides, mahaifin Ferney, ya yanke jiki ya faɗi a bakin kasuwa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Matar mamacin ta zo gidan rediyon da kanta, ido ya kumbura, ta ce a kira mata ɗanta ya zo ya ɗauki akwatin ubansa. Doña Herminia ta rasa bakin da za ta ce mata rediyon ba ya tashi. Da azahar ta zauna ta karanta sanarwar duk da haka, ko Allah zai sa ta fita. Ba ta fita ba. An tura mutum da ƙafa, kogi ya maido shi. Limamin coci ya jinkirta addu'a har yamma, daga baya dole aka binne.

Da hanya ta buɗe, Ferney ya sauko, ya tarar ana addu'o'in kwana tara a falonsu. Ya taho gidan rediyo a fusace.

"Rediyo na rataye a ƙuguna kullum! Me ya hana ki sanar?"

Doña Herminia ta juya masa allon kwamfutar. Ya duba. Ya zauna ya danna abu biyu-uku, kafin kofin da ta zuba ya huce fitilar da ke nuna rediyo ya tashi ta yi kore. Abin da ya hana shi binne ubansa ke nan, aikin da bai kai layi biyar a takarda ba.

Azahar ta yi. Ta jawo makirufo, ta karanta sanarwar rasuwar Don Aristides, ta cire wurin da aka ce ɗansa ya sauko da gaggawa. Ferney na zaune gefenta, ya kifa kai a kan tebur yana kuka.

Darasi: In ka saita abin da jama'a ke dogaro da shi, ka rubuta yadda ka yi, ka bar wa na baya. Ilimin da ka ɓoye don a riƙa nemanka, ranar da za a neme ka da gaske shi zai hana a same ka. Ku tura wa duk wani gwani da kuka sani mai cewa "a kira ni kawai".