Baƙuwar Tsuntsuwa da Reshen Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku kasa kunne.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wata shekara Gauraka, sarkin tsuntsaye, ya raba rassan tsamiya, kowane dangi da reshensa. Saura wata 'yar tsuntsuwa da guguwa ta kwaso daga ƙetaren teku, ba ta fi babban yatsa ba.

Ta je wurin Sha-kauci, mai shan ruwan fure kamarta, ta ce, "Yaya, dubi dogon bakina, dubi sheƙin wuyana. Ashe ba jininmu ɗaya ba?"

Sha-kauci ta yatsina fuska. "Mu sai mun sauka muke sha. Ke kuwa a iska kike tsayawa, har da baya kike tashi. Wa ya taɓa ganin haka a gidanmu?"

Sarki ya sa Hankaka, masanin asali, ya duba ta: baki, ƙafa, fiffike. Hankaka ya ce, "Ranka ya daɗe, kama ce kawai. Danginta suna hayin teku, gida-gida, masu koren wuya da masu shuɗiyar wutsiya. Nan ba ta da kowa."

Sarki ya tausaya mata. "'Yar nan, ga reshe, naki ne ke kaɗai."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a ajiye mini. Zan sauka ranar da wata ta kira ni ƙanwa a kansa."

Har yau reshen babu kowa. Tana nan tsaye a iska gefensa. Duk sa'ad da iska ta taso daga teku, sai ta ja da baya kaɗan, ko da danginta ne tafe, ta ba su wurin sauka.

Ƙurunƙus kan kusu, nan tawa ta tsaya.